Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Majalisar 'Yan Kallo Zuwa Ga Masu Kula Da Al'adu A Jihar Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma, muna fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah ya yi riƙo da hannuwanku, ya kuma kawo mana ƙarshen fitinar da ta hana mutanen ƙauyukanmu barci.

Ni tela ne a cikin birnin Katsina, furfura ta riga ta ci rabin gemuna. Na rubuto da yawun wata majalisa tamu da ke zama bayan sallar isha'i a wajajen Ƙofar Marusa, gaban teburin wani mai shayi. Ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba mu da shugaba ko ma'aji, ba mu da hatimi. In an cika mukan kai mutum 20. A cikinmu akwai malamin firamare da ya yi ritaya, da direban da ke jigila tsakanin Katsina da Daura, da mai gyaran waya, da ɗan kasuwa mai sayar da atamfa, da ɗalibai 'yan samari waɗanda suka yi jika da wasunmu. Abin da ya haɗa mu kallon fim ne. Duk daren Alhamis kowa yakan faɗi abin da ya kalla a makon, ya ce wannan a neme shi, wancan kada kowa ya ɓata datarshi. Matan gidajenmu ba su zama da mu, amma ra'ayinsu yana zuwa ta bakin mazajensu da ƙannensu, kuma sau da yawa nasu hukuncin ya fi namu kaifi.

Na san abin da wani zai ce tun kafin ya gama sakin layin nan: ana fama da 'yan bindiga da tsadar masara, su waɗannan fim ne a gabansu. Mun ji, kuma mu ma a garin nan muke sayen masarar. Sai dai ofishinku ba na masara ba ne, na al'adu ne, shi ya sa muka kawo kukanmu inda ya dace.

Abin da ya sa na ɗauki biro wani ƙaramin abu ne da ya faru makonni kaɗan da suka wuce. Muna cikin musu a kan finafinan da, sai malaminmu mai ritaya ya ce duk wanda bai kalli Kulɓa Na Ɓarna ba, bai kamata ya sa baki a hirar fim ɗin Hausa ba. Wani ɗalibi, jikan maƙwabcina, ya ce, "To Baba, a ina zan same shi?" Majalisa ta yi tsit. Asalinshi littafin wasan kwaikwayo ne, ɗan garin nan ne ya rubuta shi, Umaru Ɗanjuma Katsina da aka fi sani da Kasagi, wasunmu sun karanta shi a makaranta, aka kuma mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. Muka raba aiki. Direba ya tambaya a Daura. Mai gyaran waya ya binciki kwamfutarshi da ta abokan sana'arshi. Ni kuma na jawo wata tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gado, inda na adana kaset-kaset ɗin bidiyo tun zamanin da nake saye duk wanda ya fito. Da na buɗe, ƙura da fumfuna sun cinye fiye da rabi, sauran kuma ko bidiyon da zan saka su ciki ban da shi. Har yau ba mu iya miƙa wa yaron nan cikakken fim mai tsabtar hoto ba. Ranar na gane cewa rabin shawarar da muke ba juna a majalisa ta zama tatsuniya: muna yabon abin da mai saurare ba shi da hanyar gani.

Wannan shi ne kukanmu na farko, kuma shi ya fi ci mana rai. Ba a adana mana komai.

Ranku ya daɗe, ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Tun a shekarun 1950, lokacin da majigi ke yawo gari-gari a bayan mota ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, aka ɗauki fim ɗin Baban Larai a Daudawa don koya wa manoma noman auduga. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda mutane suka riƙa nuna 'yan uwansu a jikin allo suna shewa. Kafin nan ma, a gasar rubutun 1933 da ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a Hausar boko, Abubakar Imam yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta nashi, Malam Bello Kagara a nan ya yi aikinshi har ya zama Walin Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a Kwalejin Katsina ya yi karatu. Littafin Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, shi ne Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Ku dubi abin da ya same shi. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinci gwangwanayenshi a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wato Bajamushe ya zauna a kujera mai laushi ya kalli labarin da ɗalibin Kwalejin Katsina ya rubuta, mu kuwa da ginin kwalejin yake a garinmu, har ya zama gidan tarihi, a majalisarmu mutum biyu ne kawai suka taɓa ganinshi, su ma tun suna samari.

Wancan ma ya yi sa'a, don a gwangwani yake. Finafinan zamanin bidiyo su ne abin tausayi. Daga 1990 da aka fitar da Turmin Danya a Kano har zuwa lokacin da faifan CD ya kori kaset, an yi finafinai masu yawan gaske, kuma kusan duk a kan zaren kaset suke. Zaren nan ba ya jure zafin Afrilu, ba ya jure ƙurar hunturu, ba ya jure danshin damina. Kowace shekara wasu na mutuwa a cikin akwatuna irin tawa. Wani zai ce ai ba duka ne masu kyau ba. Gaskiya ne, wasu shirme ne, mu da muka saya mun fi kowa sani. Amma ko a cikin shirmen akwai yadda 'yan mata ke ɗaura ɗankwali a 1997, akwai fasalin zaure da soro kafin siminti ya ci gari, akwai karin maganar da tsofaffin 'yan wasa ke jefawa wadda yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Ni tela ne, na kan gane shekarar da aka yi fim daga wuyan rigar jarumi. Wanda zai rubuta tarihin suturarmu nan gaba, a ina zai duba?

Kukanmu na biyu wurin zama ne. Mu da muka taso a shekarun 1970 da 1980 mun san daɗin kallo cikin jama'a. Silimar wancan lokaci ba rufi gare ta, sai an yi magariba duhu ya shiga sannan a kunna. Yau Indiya, gobe kaboyi, jibi 'yan Cana masu faɗa da hannu. Ba mu jin Indiyanci amma mun raɗa wa jaruman sunaye namu, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, kuma in bos ya sha kashi duk fili sai ya ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo. Ba na cewa wurin masallaci ne. An sha taba, an yi dambe, akwai dalilin da ya sa iyaye ke dukan yaron da aka gani a bakin ƙofar silima, ni ma na sha nawa rabon. Amma da aka ga wurin ya lalace sai aka bar shi ya mutu, ba a gina mai tsabta a madadinshi ba. Gidajen kallon unguwa da suka biyo baya kusan duk sun koma na ƙwallon Turai, don nan kuɗin yake. Wanda muke zuwa a unguwarmu ma mai shi ya mayar da shi shagon sayar da siminti, kuma ban ga laifinshi ba, man janareta ya fi ƙarfin abin da muke biya.

Yanzu kowa ya duƙufa a kan wayarshi, allo kamar tafin hannu, abin ji a kunne. Miji na kallon nashi, mata na kallon nata, yaro ya shige ɗaki da nashi, ba wanda ya san abin da wani ke gani. Waɗanda suka yi murna da mutuwar silima don tarbiyya, ina roƙonsu su sake lissafi. Da, in yaro ya je kallo, mutum ɗari sun gan shi, kuma kowa ya san abin da aka nuna a daren. Yau abin yana ƙarƙashin bargo.

Abin ya fi yi mana ciwo a 2024. A shekarar ne aka zaɓi wani fim mai suna Mai Martaba ya wakilci Najeriya a gasar Oscar ta Amurka, a rukunin finafinan ƙasashen waje. Fim ne na Hausa, kuma a Daura aka ɗauke shi. Direbanmu ya yi ta ba mu labarin dawaki da mahaya da ya riƙa gani lokacin aikin, yana cika baki kamar shi ne darakta. Fim ɗin bai kai zagayen ƙarshe ba, wannan ba komai, zuwa can ɗin ma abin alfahari ne. Amma fim irin wannan, mai dawaki da fada da taron jama'a, don babban allo aka yi shi. A cikinmu babu wanda ya samu ganinshi a babban allo a garin nan. Mai hali a cikinmu sai dai ya yi tunanin Kano ko Abuja, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki da dare. Ba masu fim ɗin muke zargi ba. Ko sun so kawowa, ɗakin da aka tanada don wannan aiki, mai allo da sauti na kirki, shi ne muke tambaya ina yake.

Na uku, kuma a nan zan faɗi laifinmu kafin na kowa. Mu 'yan kallo mun daina biya. A da ina sayen kaset da kuɗina, kuɗin ya bi ta hannun ɗan kasuwa ya koma Kano wurin furodusa, ya yi wani fim. Da CD ya zo satar fasaha ta yi yawa, da memori ya zo sai kasuwar ta rushe gaba ɗaya. Yanzu sai ka miƙa wa mai tura finafinai wayarka da 'yan canji, ya cika maka ita. Yaran nan masu turawa ba ɓarayi ba ne a idonmu, 'ya'yanmu ne da suka samu abin yi da kwamfuta ɗaya da sola, kuma a 2021 lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan saboda tsaro, su ne kaɗai hanyar da mutane ke samun abin kallo. Amma gaskiya ɗaya ce, a mafi yawan lokuta wanda ya kashe kuɗinshi ya yi fim ɗin ba ya ganin ko sisi daga cinikin.

Sakamakon haka muna ganinshi duk mako. Masu shiryawa sun koma YouTube da tashoshin talabijin, inda kuɗi ke zuwa daga talla da yawan mintunan da aka kalla. Shi ya sa labarin da zai ƙare cikin awa biyu ake jan shi zango bayan zango. Jaruma za ta fito daga ɗaki, ta sauko daga bene, ta buɗe mota, ta zauna, ta gyara mayafi, duk ana nuna mana, datarmu na ƙonewa. Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, shawarar da ta fi yawa a majalisarmu ta koma "tsallake kashi na 4 zuwa na 9, ba abin da ya faru." Akwai masu dogon zango da suka yi kyau ƙwarai, har matan gidajenmu kan ɗage girki saboda su, kuma wasu daga cikin masu yin su 'yan jihar nan ne. Sai dai fim guda, mai farko da ƙarshe, wanda za ka kalla ka tashi kana juya shi a zuciya har kwana uku, ya yi ƙaranci, don ba inda za a sayar da shi. Mai atamfarmu ya ce ko nawa ne tikiti zai saya wa iyalinshi in akwai wuri mai mutunci. Ba shi kaɗai ba ne. Kuɗin yana nan, ƙofar shigarshi ce babu.

Na huɗu gajere ne. Finafinan Indiya da na wasu ƙasashe da ake fassarawa da Hausa sun mamaye wayoyin yara. Ni ma ina kallo, wasu masu fassarar gwanaye ne, sun fi ainihin jarumin iya zance. Amma ba a rubuta wa kowa cewa wannan na manya ne, wancan yaro zai iya gani. Uwa a gida tana jin Hausa na tashi daga waya sai ta saki jiki. Wata rana na karɓi wayar jikana ɗan shekara 9, abin da na gani na yanke-yanke da zubar da jini ni kaina sai da na kau da kai.

Sai na biyar, wanda ɗalibanmu suka nace sai na saka. Labaranmu suna nan zube ba mai ɗauka. Rijiyar Kusugu da labarin Bayajidda da Daurama. Muhammadu Korau da yadda sarauta ta sauya hannu. Hasumiyar Gobarau da malaman da suka mayar da garin nan matattarar ilimi, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi. Sarki Muhammadu Dikko da tafiyarshi Ingila a 1921. Rayuwar Mamman Shata kaɗai, daga Musawa zuwa Funtuwa zuwa makwancinshi a Daura a 1999, ta ishi mai hankali fim uku. Yaranmu suna zaune suna kallon tarihin sarakunan Turkiyya da aka fassara, sun haddace sunayen jarumansu da na dawakinsu, amma ka tambaye su wane ne Korau sai su ce sunan shago ne. Ban ga laifin Turkawa ba, sun kashe kuɗi a kan nasu ne. Yaron da ke da sha'awar kyamara a Katsina kuwa, in ya tashi sai ya tattara ya tafi Kano ko Kaduna ko Jos, don can ne ake koyo, can ne ake samun aiki. Biyu daga majalisarmu sun tafi haka, ɗaya yanzu yana riƙe fitila a lokeshin, in ya zo hutu mukan sa shi gaba da tambaya har shayinshi ya huce.

To ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma mun yi ƙoƙari kada mu roƙi abin da ya fi ƙarfin aljihun gwamnati.

Ku fara da ɗaki ɗaya na adana finafinai. Ba gini sabo muke nufi ba. Ɗaki mai sanyi, marar danshi, da bidiyo mai aiki guda biyu ko uku, da na'urar da ke ɗauke hoto daga kaset zuwa kwamfuta, da ma'aikata biyu da aka koya wa aikin. A yi sanarwa a rediyo cewa duk mai tsohon kaset ko faifai ya kawo, a kwafa, a mayar mashi da abinshi, a rubuta sunan fim da shekara da waɗanda suka fito a ciki. A ajiye kwafi a wuri biyu, don kada gobara ko ɓeraye su cinye aikin a dare ɗaya. Wanda za a nuna wa jama'a kuma a nemi izinin mai shi tukuna. Jami'o'inmu, irin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, suna da malaman Hausa da na tarihi da ɗalibai masu neman abin bincike, ku jawo su ciki. Akwatina ce za ta fara zuwa, da abin da ya rage a cikinta. Ku kuma rubuta wa Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, wadda tun 2024 Ali Nuhu ke shugabanta, ku nemi a ba jihar nan damar nuna Shaihu Umar da Kulɓa Na Ɓarna da duk wani tsohon fim na Hausa da ke hannunsu. Takarda ce da bin sawu, ba kwangila ba.

Sannan wurin kallo. Akwai ɗakunan taro na gwamnati a Katsina da Daura da Funtuwa da ke kwana a kulle mafi yawan ranakun wata. A ware ɗaya a kowane gari, ko da sau biyu a wata, a sa majigi na zamani da lasifika mai kyau da sola. A fara bayan la'asar a tashi kafin isha'i. A ware ranar mata da yara, a ware ranar iyali, a raba wurin zama yadda al'adarmu ta tanada, a hana taba da duk wani abin maye tun daga bakin ƙofa. A sayar da tikiti da rasit, a ba mai fim kasonshi a rubuce, don furodusa ya san in ya kawo fim Katsina zai koma da wani abu. In an gwada shekara guda aka ga jama'a na zuwa, 'yan kasuwa da kansu za su gina nasu, ba sai an roƙe su ba.

A nan ina so in ja hankalinku da abin da ya faru a 2016. Gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano, malamai da jama'a suka tashi, aka janye. Ko me mutum yake gani game da wancan lamari, abu ɗaya ya fito fili: an yanke shawara ne kafin a zauna da mutane. Kada ku maimaita. Kafin a kunna komai, ku kira malamai da masu unguwanni da iyaye mata, ku nuna masu tsarin, ku ba su kujera a kwamitin da zai zaɓi abin da za a nuna. Limamin masallacinmu ba ya kallon fim, amma da na ba shi labarin wayar jikana, cewa ya yi gara abin da za a gani a fili. Irin wannan zaman ne muke so a yi, ba a ji labari a rediyo ba.

Masu tura finafinai kuma kada a aika masu da 'yan kama-kama. In an rufe shago ɗaya, uku za su buɗe a lungu. A yi masu rajista mai sauƙi, a zaunar da su da wakilan masu shirya fim, a samo tsarin da za su riƙa sayen izinin turawa a farashin da za su iya, yadda wani abu zai koma ga mai fim. A cikin sharaɗin rajistar a sa cewa kowane shago ya raba finafinan yara da na manya, kada a cika wa ɗan firamare waya da abin da ubanshi zai ji kunyar gani. Mai gyaran wayarmu ya ce abokan sana'arshi da yawa za su yarda, don su ma sun gaji da zaman ɗar-ɗar.

Game da labaranmu, ba mu ce gwamnati ta zama furodusa ba, mun ga yadda fim ɗin yabon gwamnati yake ƙarewa, ko mai shayi ba ya kallo. Abin da muke so a sauƙaƙa wa mai son ɗaukar fim a wuraren tarihi samun izini a ofis ɗaya, a haɗa shi da masana da za su gyara mashi kuskuren sutura da na sarauta, a kuma sa sharaɗin ya ɗauki yaran gari aiki don su koya. In da hali a sa gasar gajerun finafinai ga ɗaliban manyan makarantun jihar, a nuna waɗanda suka yi fice a lokacin hawan Sallah a Katsina ko Sallar Gani a Daura, lokacin da gari ke cike da baƙi. Yaran nan da waya kawai suna yin abin mamaki, na ga wanda wani ɗalibinmu ya ɗauka a kan masu jima, minti 7 ne, amma sai da majalisa ta sa aka maimaita shi sau uku.

Mun taɓa rubuta makamanciyar wannan takarda da hannu muka kai wani ofis shekaru biyu da suka wuce. Wani ma'aikaci ya karɓa da fara'a, ya ce Yallaɓai ya fita, mu dawo. Mun koma sau uku. Shi ya sa wannan karon muka buɗe ta kowa ya gani. In kuna son ganinmu ba mu da wuyar samu, duk daren Alhamis muna nan bayan isha'i, ku tambayi mai shayin da ke da benci uku. Jikan maƙwabcina har yanzu yana jiran fim ɗin da aka ce mashi sai ya gani, kuma duk mako sai ya tambaye ni, "Baba, an samu?"

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Wassalam.

Naku,
Wani tela, a madadin majalisar 'yan kallo,
Ƙofar Marusa, Katsina.